Ƙulli Na Sha Ɗaya

Har yau idan Maɗinkiya ta buɗe tsohon akwatinta ta ga igiyar nan, sai ta tuna safiyar da aka watso mata kaya ƙofar gida. Keken ɗinki a kife, kwanuka a warwatse, 'yarta mai shekara uku ta riƙe mata zane tana kuka...

Wata takwas ke nan da rasuwar mijinta. Ya bar ta da yarinya da mahaifiyarsa, tsohuwar da ciwon suga ya cinye wa ido. Ita marainiya ce, ba ta san daɗin uwa ba sai a hannun surukar nan, shi ya sa take ce mata Mama. Da yake aiki ba ya barin ta tashi kowane lokaci, sai ta yi dabara: ta ɗaura igiyar shanya daga ƙafar gadon Mama, ta bi bango, ta wuce gefen keke, har ƙofar banɗaki, ta yi mata ƙulli goma don tsohuwa ta san inda take. Mama ce ta raɗa wa kowane ƙulli ɗaya daga cikin Dokoki Goma. Tana lalube tana karantawa, in ta iso na biyar, daidai keken, sai ta ja birki.

"Girmama uwarki, ki ba ta shayi."

"Mama, dokar ba ta ambaci shayi ba."

"Ke dai karatunki bai yi nisa ba."

Kwanaki masu daɗi! Amma wata rana santsi ya kwashi Mama, igiyar ta naɗe mata wuyan hannu, ta hana ta kaiwa ƙasa, ta bar mata shaida baƙa. A makon ne zazzaɓi ya kwantar da tsohuwar a asibiti. Yaya Babba, babbar 'yar Mama, shugabar mawaƙan mata a ikilisiya, wadda ta daɗe tana hangen gidan, ta ga tabon, ta ga igiyar, ta tafi wurin dattawa da hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ce da idonta ta ga an ɗaure uwarta a gado.

Ba wanda ya tambayi Mama, an ce tsufa ya ruɗa ta. Aka sa Maɗinkiya ƙarƙashin horo, aka mayar da ita bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a coci. Ranar da aka fitar da ita daga gidan ta durƙusa gaban Yaya Babba.

"Yaya, ku kore ni, na ji. Amma don Allah kada ku taɓa igiyar nan. Kuma ƙwayar safe bayan ta ci abinci ake ba ta."

"Akuya aka ce miki uwata?" Yaya Babba ta sa almakashin Maɗinkiyar ta datse igiyar a tsakiya.

Wahala ta bi wahala. Mata suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe yadukansu. Ta koma wani ɗaki mai yoyo a bayan shagon mai wanki, tana lallaɓa rayuwa da facin riguna. Yarinya ta kamu da tari. Ran Lahadi tana bencin baya, tana jin muryar Yaya Babba na jan waƙa, farantin Jibi ya bi layi-layi ya tsallake ta. Yarinyar ta ja mata zane.

"Mama, me ya sa ba a ba ki ba?"

"Lokacina bai yi ba tukuna. Rufe ido mu gode."

"A kan me?"

Hawaye suka zubo mata. "A kan keken bai karye ba... a kan kina numfashi. Ya Ubangiji, ka san gaskiyata. Ka riƙe wa Mama hannu."

Bayan wata uku, Mama ta miƙa hannu neman igiya ta kama iska, ta faɗi ta karye a ƙugu. Fasto da dattawa biyu suka kai mata Jibi har gado. Ta ƙi buɗe baki.

"Ba zan ci ba sai an gaya mini laifin da na yi wa 'yata ta tafi ta bar ni. An ce ta sami miji."

Fasto ya dubi Yaya Babba. "Mama, ba ita ce take ɗaure ki ba?"

"Ɗauri? Idona ne aka yanke, Fasto." Ta ɗaga yatsu tana ƙirga ƙulli a iska, tana faɗin doka da inda take: na biyar a gefen keke, na bakwai a kwanar bango. Da ta kai na tara ta juya fuska inda 'yarta take tsaye. "Kada ka yi shaidar zur. Ni na koya miki wannan a kan cinyata, Babba."

Yaya Babba ta zube ƙasa. A Lahadin nan ta tsaya gaban ikilisiya ta furta ƙaryarta da bakinta, aka sauke ta daga shugabanci, ta zauna a bencin da ta aika wata. Dattawa suka taka har bayan shagon mai wanki neman gafara, suka ɗauko keken da hannunsu.

Abu na farko da Maɗinkiya ta yi da ta shiga gida, ta nemo guntayen igiyar a bayan ƙofa ta haɗa su. Da ƙugu ya warke, Mama ta sake bin bango, yatsunta suka ci karo da mahaɗin.

"Wannan fa? Dokoki goma ne."

"Inda aka yanke ne, Mama."

Tsohuwa ta daɗe tana murza shi. "To sunansa alheri. Shi ke riƙe da sauran."

Shekara shida Mama ta ƙara, kullum tana tsayawa a wurin ta yi godiya, wani lokaci har da Yaya Babba riƙe da ɗaya hannun. Yanzu yarinya ta zama budurwa, Mama ta daɗe da tafiya gida wurin Ubangiji. Igiyar ta tsufa, duk ƙullin sun yi baƙi don taɓawa, amma na tsakiya ya fi kowanne.