Agogon Gwaggo

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Litinin wayar ofishin 'yan sanda ta yi ƙara. Saje ta ɗauka, ta saurara, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, wai an yi wa Gwaggo sata."

Sufeto ya ɗago kai daga fayil. "Gwaggon wa?"

"Ta kowa. Tsohon kan jirgin nan mai gawayi da ke tsohuwar tasha. Haka ma'aikatan jirgi ke kiranta."

Kafin rabin awa suna cikin rumfar da ake ajiye ta. Gwaggo na tsaye a kan dogo, baƙa wuluk, tana ƙyallin sabon fenti. Shekara arba'in ba a hura mata wuta ba. Tsofaffin ma'aikata ne suka yi shekara uku suna gyaranta, aka kuma sa ranar Alhamis za ta ja tarago biyu cike da 'yan makaranta zuwa tasha ta gaba ta dawo.

Shugabar gidan adana kayan tarihi ta tarbe su, fuskarta duk zufa.

"Sufeto, agogon tururi aka cire. Shi ke nuna ƙarfin tururin da ke cikin tukunya. In babu shi, ba mai hankalin da zai hura wuta. Kuma irinsa an daina ƙerawa tun kafin a haife ni."

"Su wa ke da makullin rumfar?"

"Ni, da maigadi, da Injiniya, da Baba Direba."

Sufeto ya kama ƙarfe ya hau ɗakin direba. A inda agogon yake, sai bakin bututu kawai ya rage. Ba a fasa komai ba, ba a lanƙwasa komai ba. Notina huɗu da suka riƙe agogon na jere cikin wani gwangwani, an kuma toshe bakin bututun da tsumma mai tsabta. Ya zare tsumman, ya ninke, ya sa a aljihu. Daga nan ya duba usur na tagulla da allon lamba da ke gefen jirgin.

"Saje, da ke ɓarauniya ce, me za ki ɗauka a nan?"

"Allah ya kiyaye, Yallaɓai. Amma usur ɗin nan zan ɗauka. Ya fi agogon tagulla sau goma."

"To ga shi an bar shi. Kuma ɓarawon da zai adana maka noti a gwangwani ba sayarwa ce ta kawo shi ba. Wa ya hau nan yau?"

"Shugaba ta ce daga ƙasa ta hango, ta kulle rumfar, ta kira mu."

"Madalla. Kada ki yi wa kowa zancen tsumma."

Suka fara da maigadi. Dogo ne, yana ta murza hularsa a hannu.

"Jiya ina bakin ƙofa daga safe har yamma, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai shiga ba."

"Littafin baƙi fa?"

Ya miƙo. Sufeto ya buɗe shafin Lahadi. An rubuta kowace awa da biro shuɗi, in ban da ƙarfe huɗu da biyar da shida, waɗanda aka cike da fensir, cikin gaggawa.

"Biron ne ya ƙare, ko kai ne ba ka nan?"

Maigadi ya sunkuyar da kai. "Matata ce naƙuda ta kama. Na kai ta asibiti. Na ji tsoron a kore ni."

"Ta sauka?"

"Mace, ranka ya daɗe."

"Allah ya raya. Amma ka ƙara yi mini ƙarya, a ofis za ka yi barka."

Baba Direba suka tarar zaune a kan benci, sandarsa tsakanin ƙafafu. Ya haura tamanin. Shi ne na ƙarshe da ya tuƙa Gwaggo, shi kuma zai tuƙa ta ranar Alhamis.

"Baba, jiya ka zo nan?"

"Ni? Ina gida, ɗana. 'Yata ta hana ni fita ranar Lahadi, wai in huta."

Saje ta yi murmushi. "Baba, kwalbar maganin tarin da na gani a kujerar direba ta wa ce? Takardar jikinta ta nuna ranar Asabar da yamma aka saye ta, bayan an rufe rumfa."

Tsohon ya harare ta, sai kuma ya fashe da dariya har da tari. "Ke 'yar nan ba za ki yi daɗin zama ba. To na zo. Da azahar na sulalo, na zauna a wurinta kamar awa guda. Don Allah kada 'yata ta ji."

"Agogon yana nan a lokacin?"

"Yana nan, har na goge shi. Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Da na sauko, na ga jiƙa a ƙarƙashinta, wajen murhu. Na ce ko ruwan da aka wanke ta da shi ne. Amma ran Juma'a aka wanke ta."

Sufeto ya koma rumfar, ya durƙusa tsakanin ƙafafun jirgin. Babu jiƙa. Yashi ne aka watsa, sabo, bokitin yashin kashe gobara kuma ya ragu rabi. Ya share yashin da gefen takalminsa, simintin ƙasa ya fito baƙi da danshi. Ya haska tocila sama. Can a jikin farantin ƙarfen murhu, wani ɗigon ruwa na taruwa a hankali. Ya tsaya har ya faɗo masa a bayan hannu.

Ofishin Injiniya wani ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen rumfar, cike da tsofaffin zanen injin. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, idanunsa jajaye kamar wanda bai samu barci ba.

"Yaushe rabonka da jirgin?"

"Asabar. Mun cika tukunya da ruwa, mun gwada, na sa hannu a takarda."

"Ba ta yoyo?"

"Ko ɗigo."

"Za a iya samun wani agogon kafin Alhamis?"

"Ina! Sai an yi wata biyu ana nema. Dole a ɗaga ranar."

"Ni ban san aikin ba," in ji Sufeto yana shafa haɓa, "amma bututun da aka bari a buɗe, ba zai lalace ba?"

"Ba komai, ai an toshe shi da tsumma, ƙura ba za ta…"

Sufeto ya ciro tsumman daga aljihu, ya shimfiɗa a kan tebur.

"Tun safe yana jikina. Ni da Saje kaɗai muka gan shi, sai wanda ya sa shi. Yashin ma na share, Injiniya. Gwaggo tana yoyo."

Injiniya ya daɗe yana kallon tsumman. Daga baya ya miƙe, ya buɗe kabad ɗin bayansa, ya ɗauko wani abu naɗe da tawul, ya ajiye a hankali kamar jariri. Agogon ne. Ya ce a kira masa Shugaba da Baba.

Da suka shigo, bai iya haɗa ido da kowa ba.

"Farantin murhu ya tsage. Ran Asabar na gani, siriri kamar gashi. An riga an sanar a rediyo, an gayyaci manya, yara suna ta ɗoki. Ni kuma na yi ta cika baki cewa aikina ba gyara. Sai na ce ƙila ya riƙe, na sa hannu. Jiya da la'asar na zo dubawa, na tarar ta jiƙa ƙasa. Da an hura wuta tururi ya taru, tukunyar nan za ta fashe, Baba yana tsaye a gabanta, yara sittin a bayansa."

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Shugaba.

"Kunya, Hajiya. Na ga gara a ce ɓarawo ne ya tsayar da ita, da a ce ni ne na sa hannu a kan ƙarya."

"Maigadi fa?" in ji Sufeto. "Da shi za a kulle a madadinka."

Injiniya ya rufe fuska da hannu.

Baba Direba ya dogara sandarsa, ya matso kusa da shi. "Ɗan nan, ka yi wauta, ba ƙarama ba. Amma hannun da ya sa hannu a takardar, shi ne ya cire agogon. Wannan ma zan faɗa a gaban alƙali. Yanzu gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah: za ta gyaru?"

"Za ta gyaru, Baba. Sauran jikinta lafiya lau. Farantin kawai za a canza."

"Kwana nawa?"

"Wata uku, in an dage."

Shugaba ta ja dogon numfashi. "Zan je rediyo da kaina in faɗi abin da ya faru. Yaran za su zo ran Alhamis su gan ta a tsaye, su ga yadda ake gyara. Tafiya kuma sai ta warke."

Saje ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai. Suka sa Injiniya a tsakiya suka nufi mota. A bakin rumfar ya tsaya, ya waiwaya.

"Baba! Kada ku bari kowa ya yi masa walda a kai. A cire farantin gaba ɗaya. Zanen yana aljihun tebur na biyu, na yi alama da jan biro."

"Na ji. Kai dai je ka amsa tambayarka, ka dawo. Wannan aikin da kai za a ƙarasa."

Injiniya ya goge ido da hannun riga, ya shiga mota. Maigadi ya wangale musu ƙofa. Ta madubi Sufeto ya hango Baba Direba ya jingine sandarsa da bango, ya naɗe hannun riga, yana ƙwala wa sauran tsofaffin kira su kawo sifana.