Wanda Ya Buɗe Shingen

Abu na farko da Despina ta gani bayan ta faɗa ramin shi ne idanu biyu a ƙeyar wani mutum. Manya, farare, har da gashin ido, suna kallonta ba ƙiftawa. Ta ɗauka ta mutu ne, kuma haka mutanen lahira suke.

Sai mutumin ya juyo. Ashe zane ne a bayan hular kwanonsa. Ta gaba akwai wasu idanun, na gaske, cike da tsoro.

"Kada ki motsa, 'yar uwa. Motar asibiti na hanya. Ya sunanki?"

"Despina. Ina kekena?"

"Keke ya riga mu gidan gaskiya. Ki yi ta kanki."

Ta so ta yi dariya, kafaɗarta ta hana ta.

Satumba ne, watan da magpai ke kwanci a Melbourne. Tsuntsu ne baƙi da fari kamar hankaka, da safe muryarsa kamar sarewa, amma in yana da ƙwai a sheƙa ba shi da mutunci. Ta baya yake zuwa ya sari mutum a kunne. Shi ya sa wasu ke zana idanu a ƙeyar hula, masu keke kuma su soke tasu da tsinkayen roba har su koma kamar bushiya. An ce ba ya manta fuska. Akwai wata tsohuwa a unguwar Coburg da wani magpai ya tsana, ita kaɗai a duk layin, har sai da ta sayar da gidanta.

A lokacin ana gyaran hanyar keke ta bakin rafi. An haƙa rami, an tare wurin da shinge, an sa alama masu keke su zagaya. Rannan da sassafe Despina ta taho da gudu za ta makarantar yara inda take koyarwa, ta tarar da shingen a buɗe, ta ce ashe an gama aiki. Ba a gama ba.

Mai idanu a ƙeya sunansa Semisi, iyayensa mutanen tsibirin Tonga ne. Aikinsa a wurin shi ne rufe shinge da yamma da kula da alamu. Washegari sai ga shi a asibiti da kwano a hannu, nama ne a naɗe cikin ganyen gwaza da madarar kwakwa.

"Mama ce ta aiko. Ta ce ƙashi ba ya ɗoruwa da shayin asibiti."

"Kai kuma me ka ce?"

"Ni na ce a ba ni in kawo."

Daga nan saƙonni suka fara. Da hannu ɗaya take rubutawa, amma ba ta taɓa barinsa yana jira ba.

"Gimbiyar rami, ya kafaɗa? Yau magpai ya sari shugabanmu a wuya. Duk mun yi masa jaje, amma a zuci mun yi wa tsuntsu godiya."

"Mai ido huɗu, ka ji tsoron Allah. Kada ka ƙara ba ni dariya, ciwo nake ji."

"To zan daina. Amma tunaninki fa, shi ma in daina?"

"Wannan ban hana ba."

Mahaifinta, Manolis, mutumin Girka ne, yana da shagon kifi da soyayyen dankali. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Mamana yake ce mata. Mutum ne mai fara'a, amma tun ranar da ya haɗu da Semisi a ƙofar ɗakin asibiti fuskarsa ta ɗaure.

"Mamana, buɗe idonki. Waye ke da alhakin shingen? Shi. Wa za a kora idan kika kai ƙara? Shi. Sai ga shi kullum da kwano. Wannan ba so ba ne, toshiyar baki ce."

"Baba, shi ya ciro ni fa."

"Ai dole ya ciro ki. Kada in ƙara ganinsa a gidan nan."

Fergus ma haka ya ce. Shi mai shagon sayar da kekuna ne, yana cikin ƙungiyar da Manolis ke fita hawan keke da ita kowace asuba, kuma ya daɗe yana zagaye Despina. Ya kawo mata sabon keke kyauta, ja, da kintinkiri a ƙaho.

"Ni ba na son gulma," in ji shi, yana gyara gashinsa. "Amma ki tambayi kanki. Ma'aikata ba sa fara aiki sai rana ta fito. Me ya kai shi wurin tun kafin lokaci? Ni dai in ni ne ke, sunansa zan ba kamfaninsu."

Wannan tambaya ta shige ta kamar ƙayar kifi. Ta fara lura. Semisi zai yi hira a kan komai, cocinsu, ƙwallon zari-ruga, ƙannensa mata masu mulkarsa. Amma da ta ambaci shinge sai ya sunkuyar da kai, ya fara murza yatsu. Mutum mai gaskiya me zai sa ya kasa kallonta? Ta tuna duk kalmomin da ya rubuto mata, ta sake karanta su, yanzu kowace ta zama mai fuska biyu. Sannan labari ya zo cewa kamfanin ya dakatar da shi, kuma suna jiran bayaninta kafin su yanke hukunci.

Ta daina amsa saƙonsa. Da shirun ya yi yawa ya rubuto:

"Gimbiya, in laifi na yi ki faɗa mini. Mama ta ce ki dawo mata da kwanonta. Ni na ce ki riƙe, don in samu dalilin zuwa."

Ta amsa: "Ka faɗa mini wanda ya buɗe shingen. In ba za ka faɗa ba, kada ka ƙara rubuto mini."

Sai can ya ce: "Ba ni ba ne, Despina. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

Ta kife wayar ta yi kuka. Yana ɓoye wani abu, wannan ta tabbata.

Wata rana da hantsi, zaman gida ya ishe ta, ta shiga garejin babanta neman tsumma. Kekensa na rataye a bango, gizo-gizo har ya yi saƙa tsakanin tayoyin. Sai a lokacin ta lura: tun ranar da ta faɗi bai ƙara hawa ba. Mutumin da ko ruwan sama ba ya hana shi fita.

Hular kwanonsa na kan ƙusa, sumul, ba tsinke ko ɗaya.

Ta tsaya tana kallonta. Bara magpai ya sare shi dab da ido, tun daga nan yake tsoron tsuntsun kamar mutuwa, hularsa ta fi ta kowa ƙaya a unguwar. Kuma hanyar zagayen da aka ce a bi ta ƙarƙashin wata babbar bishiyar turare ta wuce, inda mugun magpai ke da sheƙa. Ba yadda za a yi babanta ya bi ta wurin da hula tsirara.

Ta durƙusa ta duba taya. Busasshen yumɓu ne, ruwan ɗorawa, maƙale a jiki. Irinsa ne a rigarta da ta yage ranar. A duk hanyar nan ba inda ake samunsa sai inda aka haƙa.

Ta kira Semisi, suka haɗu a tashar taragon lantarki da ke bakin layinsu. Ya rame. Ba ta bari ya gaishe ta ba.

"Babana ne, ko?"

Ya kau da kai ya dubi layin dogo.

"Kullum na rufe da yamma, da safe in tarar a buɗe," ya ce a hankali. "Shi ya sa na yi sammako rannan, in ga mai yi. Na hango masu keke daga nesa. Na gaba ya sauka ya ja shingen, suka bi ta gefen ramin a jere, don sun san wurin. Suka wuce ba wanda ya rufe. Ina cikin gudu in rufe kika shigo."

"Kuma ka gane shi?"

"Sai a asibiti."

"Shi ne ka yi shiru aka dakatar da kai? Ka bar ni ina zarginka?"

"Da wane baki zan ce miki babanki ne? Kina kwance da karyayyen ƙashi, shi yana ba ki miya a baki. A gidanmu ba a tona dattijo a gaban 'yarsa. Na ce shi da kansa zai faɗa."

"Kai wawa ne, Semisi."

"Ƙannena ma haka suke cewa."

Ta riƙe hannunsa da hannunta mai lafiya, ba ta sake shi ba har suka isa shagon.

Manolis na juya dankali a cikin mai. Da ya gan su tare ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Despina ta ajiye hular kwanonsa a kan kantar shagon. Ya dube ta, ya dubi hular. Mai na ta ƙara. Ya kashe wuta ya zauna a kan buhun dankali.

"Na gaba ke buɗewa, na ƙarshe ya rufe," ya ce. "Haka ake yi ko a ƙofar gona, kowa ya sani. Ni ne a gaba. Fergus ne a ƙarshe. Kullum ina gaya wa kaina ba ni ba ne, Fergus ne. Shi kuma na san yana cewa ni ne. Sai muka haɗu a kan yaron nan."

"Baba, saboda tsuntsu?"

"Saboda tsuntsu, Mamana. Ƙaton mutum kamata." Ya share ido da gefen rigar aikinsa, ya juya ga Semisi. "Kai kuma ka san abin da ya fi ƙona ni? Ka sani, amma kullum sai ka rusuna ka ce ina kwana, Baba. Da zagina ka yi da na fi samun barci."

Ranar bai sayar da kifi ba. Ya rufe shago, ya sa rigar zuwa coci, ya tafi ofishin kamfanin da ƙafarsa ya faɗi komai. Aka mayar da Semisi bakin aiki, aka sa wa shingen sarƙa da kwaɗo. Manolis ya sha tara da kunya, ya ce duka biyun sun yi masa daidai. Fergus kuwa ya aiko a karɓar masa jan kekensa, har da kintinkirin, ya koma wata ƙungiya a can gefen gari.

An ɗaura auren Despina da Semisi bayan zafi ya wuce. Dangin ango suka cika coci da lallausan tabarmi ɗaure a ƙugu, suna waƙa har gilasan taga na rawa. Dangin amarya suka ɗora wa ma'auratan fararen kambi biyu da aka haɗa da zare ɗaya. Tsofaffin Girka suka ci gasasshen nama da gwaza suna tambayar sunansa, tsofaffin Tonga suka shiga rawar da'ira ba su san inda ƙafa ke zuwa ba.

Da aka ba Manolis magana, ya tashi, ya kamo hannun 'yarsa ya sa a na Semisi.

"Ni na jefa ta rami, kai ka ciro ta. Ba ni da bakin yi maka wa'azi, ɗana. Riƙe ta kawai. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana fiye da kakansu."

Mutane suka ce amin cikin harsuna uku. Despina ta jingina da kafaɗar mijinta, ta raɗa masa:

"Daga yau ba ɓoye-ɓoye, ko don mutuncin wa."

"Na yi alkawari, matata."

Ta dube shi sosai, ido cikin ido. Bai sunkuyar da kai ba.