Otal ɗin da Ba a Shiga da Yara

"Gidan caca, Almu? Gidan caca ka kawo ni?"

"Otal ne, Sakina. Cacar a ƙasa take, mu kuma ɗakinmu can sama."

"To ai shi ke nan, tunda zunubi bai iya hawa bene ba!"

Matar da ke karɓar baƙi ta yi mana murmushi, ba ta san me muke cewa ba. Ta wata ƙofar gilashi a bayanta ina hango injinan caca suna walƙiya, wata tsohuwar Baturiya tana ta danne-danne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Almu mijina ne, likitan ƙashi a unguwar Camberwell ta Landan, mutumin da ko karta ba ya yarda a shigo masa da ita gida. Wai murnar cikarmu shekara bakwai da aure ya shirya mana.

Ɗakin kam ba laifi. Gado kamar fili, furanni a tebur, taga tana kallon kogi. Ya sa aka kwashe kwalaben giyar da ke firij, ya nemo alƙibla da wayarsa, ya shimfiɗa mana darduma. Na ce ya yi kyau. Tun da muka rasa ɗanmu haka nake ce wa komai. Bayan shekarun jira ya zo da rai, ya kwana ɗaya a asibiti, ya koma.

Tare muka yi goyon ciki da Humaira, ƙanwar Almu. Ita ta sauka lafiya makon jiya, kuma washegarin zuwanmu otal ɗin ne suna a gidanta da ke unguwar Thamesmead. A gabana ya ce wa Hajiya, mahaifiyarsu, "Na riga na yi booking, ba a cancel."

Da safe muna karin kumallo na ji wani irin shiru. Na duba hagu, na duba dama. Landan ce fa, inda ko bas ka shiga sai ka matsa wa keken jariri. Amma nan babu yaro ko na magani. Na tambayi mai kawo shayi, ya ce doka ce, manya kaɗai ake karɓa.

Na ajiye cokali.

"Shi ya sa ka zaɓi nan?"

"Sha shayinki, zai huce."

"Almu, duk faɗin garin nan ka rasa inda za ka ɓoye min yara sai gidan caca?"

"Don ke na yi, masoyiyata. Taron suna... guɗa, barka, kowa na kallonki..."

"Ka tambaye ni? Har atamfar maijego na saya, tana ƙasan akwatina. Ina son zuwa. Zan yi kuka, na sani, amma ai ba a kaina aka fara ba."

Ya ƙura wa farantinsa ido.

"Ni ne ba zan iya ba," ya ce.

"Me?"

"Hajiya ta ce dole kawu ya ɗauki yaro ya yi masa addu'a a gaban mutane. Sakina, kina kwance aka tafi da namu. Mata ba sa zuwa maƙabarta, ba ki gani ba. Ni na riƙe shi a mota, ni na sa shi da hannuna. Tun ranar ban ƙara taɓa jariri ba. A wurin aiki ma in an kawo yaro sai in ce wani ya duba."

Kunya ta kama ni, da tausayi. Duk zaman makokin nan ni ake rarrashi, ni ake kawo wa farfesu. Shi kuwa aka ce namiji ne, ya yi haƙuri, ya koma aiki. Ni ma haka na ɗauka.

"Tashi mu je," na ce.

"Sakina, don Allah..."

"Ina gefenka. In ka ji ba za ka iya ba, ka miƙo min."

Da azahar muka isa. Tun daga bene ake jin ƙamshin masa da hayaniyar mata, takalma sun cika bakin ƙofa. Hajiya ta kalle mu, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa.

"Yaya!" Humaira ta ce daga kan gado, sai hawaye.

Ni na karɓi jaririn daga hannunta. Na yi kukana, kamar yadda na faɗa. Sannan na juya na ɗora shi a hannun Almu, na bar tafina a ƙarƙashin nasa.

Ɗakin ya yi tsit, ana jiran addu'a. Ya daɗe yana kallon yaron. Da ya yi magana, ni kaɗai na ji.

"Ya fi namu nauyi, Sakina."

Bai miƙo min shi ba. Ya sunkuya, ya yi bismillah.