Man da Batulu Ta Haɗa

Ummusalama ta ɗaga gefen mayafinta a hankali, fatar kuncinta ta biyo yadin.

"Wayyo Allah na!"

Wani ruwa rawaya-rawaya ke tsattsafowa, ƙudaje har sun gano hanya. Ita kanta sai da warin ya sa ta tofar da yawu.

Asalin abin baƙin tabo ne, kalaf, irin wanda zafin ranar Gadarif ta ƙasar Sudan ke yi wa mata masu yankan riɗi. Nata ya kwanta a kumatu biyu, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka ya manta da tashi. Saurayinta Harisu, direban tarakta, bai taɓa tanka shi ba. Uwarsa Adda ce ta ƙare mata kallo a gidan suna ta ce, "Mai fuskar gindin tukunyar nan za a kawo mini?"

Sai ga Batulu, 'yar ƙanwar Adda, da ɗan gwangwani.

"Haɗin kasuwa ne, habibti, 'yar uwata abar ƙauna. Shafa safe da yamma, kafin biki kin zama madara."

Ta shafa. Riɗi kuwa in ya nuna ba ya jira, ko a yanke ko ya zube, dole ta shiga rana da man a fuska. Tabon ya ƙara baƙi, ya kumbura, ya fashe.

Ƙarar tarakta ta mutu a bayan rumfa.

"Salma! Ruhina, wa kike ɓoye wa?"

"Kada ka shigo!"

Ya shigo.

Hannunsa ya tafi hanci. Da idonta ta gani.

"Je ka," ta ce tana kuka. "Je ka wajen masu kyan fata..."

Gwangwanin ya ɗauka, ya sansana, ya sake sansanawa.

"Wa ya ba ki?"

"Batulu."

"Innalillahi! Giris ɗin inji ne a ciki! Ni na ɗebar mata da hannuna, wai ƙofarsu ke kuka! Tir!"

Ya cilla shi cikin karan dawa.

"Ke ma, don maganar Adda kika yi wa fuskar da nake so haka?"

"Uwarka ce fa..."

"Uwata ce. Zan yi ta durƙusa mata har ta gaji ta yarda. Yanzu kuma asibiti za mu, a kan tarakta."

Ya warware rawaninsa, ya jiƙa da ruwan randa, ya tsugunna yana goge mata. Idanunsa sun cika da ruwa, yawu da ƙyar yake haɗiya.

"Harisu... je ka yi aman nan, na ga yana taso maka."

Ya fita a guje. Tana jin sa a bayan rumfa yana sheƙa shi kamar zai fitar da hanji.

Ya kurkure baki, ya dawo, ya ɗauki rawanin.

"Juyo ɗaya kuncin, amaryata."