Ƙishirwar Surayya

Rana ta yi ja a kan Dungass, hadarin da ya yini yana kai-kawo ta wajen Mallawa ya tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Dije tana tuƙa tuwo a tsakar gida, mijinta Zakari ya dawo daga aiki yana wanke ƙafa, sai wani abu ya faɗo cikin tukunya. Ta sa muciya ta tsamo. Tsakuwa ce, irin wadda ake kwaɓa siminti da ita, kuma a jiƙe take. Kafin ta buɗe baki wata ta sauka kan rufin kwano, wata ta bi ta, sannan gidan ya yi tsit.

Zakari ya leƙa waje da zagi a bakinsa, a zatonsa yaran unguwa ne. Babu kowa a lungun sai akuya.

Shi dai Zakari shef shantiye ne, wato shugaban magina da leburori a wurin da ake gina sabuwar lakwal, makarantar boko, a bakin gari. Mutum ne mai saurin aiki da saurin baki, in ka ce masa ga doka sai ya tambaye ka ko doka ta taɓa ɗaukar bulo. Izinin ginin ya zo da sharaɗi: a haƙa rami a kewaye shi, wankin injin siminti da baƙin man motoci su tsaya a ciki, kada ruwan sama ya kwashe su. Gogan naku ya ga haƙa rami ɓata lokaci ne. Ya sa aka ja kwata daga shantiye ta gangara har tafkin da ke ƙarƙashin gawo. Ranar da ma'aikacin muhalli ya zo dubawa, suna tsaye bakin tafkin, Zakari ya bugi ƙirji ya ce ruwa ne kamar kowane ruwa, shi kansa zai iya sha. Mutumin ya hau babur ya tafi, damina kuwa ta yi aikinta.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da magariba sai tsakuwa ta zubo. Ruwan da Dije ta cika randa da shi garau da safe, kafin almuru ya koma toka-toka, maiƙo na yawo a kansa. Bayan rumbu kuma ana jin tari, busasshen tari irin na tsohuwa, in an haska fitila ba a ganin kowa.

Daga nan abin ya taɓa Surayya, budurwar ƴarsu, wadda ba su da kowa sai ita. Ta daina shan ruwa. Na famfo, na rijiya, har na leda da aka sayo daga Magariya, da ya taɓa harshenta sai ta furzar ta ce siminti ne. An kai ta likita, an yi mata ƙarin ruwa, ba a ga cuta ba. Aka dawo da ita gida leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Ƙishirwa na cin yarinya alhali ga randa cike kusa da kanta. Dije ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Da la'asar sakaliya Malam Ilyasu ya iso daga Guci, dattijo ne da ya san kan irin wannan lalura. Ya zauna gefen tabarma, ya ɗora hannu a goshin yarinyar, ya fara karatu a hankali. Karatun ya yi nisa, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai Surayya ta miƙe zaune, ta yi tarin nan na bayan rumbu.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni," in ji wata tsohuwar murya daga bakinta.

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Yarinya ba ta yi mini komai ba. Ni mai tafkin gawo ce. Tun kakanninku ba su sari dajin nan ba nake zaune a ruwan. Ga wanda ya zuba mini wuta a ɗaki can a rakuɓe. Jikokina duk fatarsu ta saluɓe. Ya hana ni gidana, na zo nasa."

"Zalunci ne ki kama wadda ba ta san hawa ba," in ji Malam. "Faɗi abin da zai raba ki da ita."

"Ya toshe kwatarsa, ya kwashe dagwalon da ya tara mini."

"Na ɗauka, Allah gafarta Malam, wallahi na ɗauka," in ji Zakari.

"Da saura. A gabana ya tsaya ya ce zai iya sha. To, ya sha. Ƙwarya guda, a cike, kafin ranar gobe ta faɗi. In bai sha ba na dawo, kuma ba da tsakuwa zan dawo ba."

Malam ya nemi sassauci, ta ƙi. Ya sa ta yi rantsuwar sakin yarinyar, ta yi. Surayya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa." Dije ta miƙa mata moɗa, yarinya ta shanye ta nemi ƙari.

Tun da sassafe Zakari ya kafa leburori, aka toshe kwata, aka shiga haƙa ramin da ya raina. Shi kuma ya ɗauki ƙwarya ya gangara tafki shi kaɗai. Ya ɗebo, ya kawo baki, warin baƙin mai ya doke shi. Ya zubar, ya sake ɗiba. Haka ya yi ta yi har rana ta take tsaka, tsoro ya kama shi sosai, ga ran ƴarsa a cikin ƙwarya amma maƙogwaro ya ƙi.

Yana tsugune sai ga wata Bafillatana daga rugar da ke bayan gawo, da bido, wato jarkar ruwa, a hannu da goyo a baya. Ta ture maiƙon da tafin hannu, ta shimfiɗa gefen mayafinta a bakin bidon, ta fara cikawa. Da ta ga yadda yake kallon ƙwaryarsa sai ta ji tausayinsa.

"Baƙo ne kai, Baba? Tace shi da ƙyalle, ɗacin yana raguwa. Haka muke yi tun farkon damina."

Zakari ya dubi yaron da ke bayanta. Bakinsa duk gyambo ne, yana tsotsar yatsa, ko kuka ba ya yi. Wannan babu aljana a kansa, balle a kira masa malami.

Bai tace ba. Ya kafa kai ya shanye, hawaye na zuba cikin ƙwaryar, sannan ya miƙe ya riƙe bidon matar da hannu biyu ya ce, "Don Allah zubar. Ni ne na ɓata shi."