Cibiya Biyu a Gindin Tsamiya

A can zamanin da, a wani gari, mai gari ya rasu. Ba a jima ba unguwar gabas da unguwar yamma suka soma rikici a kan wata tsamiya da ke tsakaninsu. Kowa ya ce tasa ce, har aka zare takubba.

Dattawa suka taru a dandali, aka rasa mai rabawa. Sai ga tsohuwar ungozomar garin tafe da sandarta.

Babban gabas ya ce, "Iya, mace ba ta magana a nan."

Ta matso.

Babban yamma ya ce, "Iya, mace ba ta magana a nan."

Ta buga sanda a ƙasa, ta ce, "Ranar da na yanke muku cibiya ba ku ce haka ba, kuka kawai kuke tsalawa! Shekarar da ruwa ya ci gari, a bukka ɗaya iyayenku mata suka haife ku. Ni na binne cibiyoyinku a gindin tsamiyar nan, rami ɗaya. Wanda zai iya gane tasa ya tono, tsamiya ta zama tasa."

Mutanen biyu suka dubi juna, suka sunkuyar da kai. Takubba suka koma kube.

Aka ɗauko buzun mai gari aka shimfiɗa mata. Babban gabas da babban yamma suka durƙusa, suka ce, "Iya, yi magana, muna ji."