Farashin Gidan Nona

"Vinka, 'yata! Zo nan in rungume ki!"

Vinka ta daskare a tsakiyar kasuwar kifi. Teta Perina ce, mahaifiyar saurayinta Duje, matar da ko gaisuwarta ba ta amsawa.

"Ashe dillali ya yi wa gidanku kuɗi? Yuro dubu ɗari huɗu! Ya fi wanda Jamusawa suka saya kusa da coci. Na amince, a sa rana!"

Vinka ta sunkuyar da kai.

Ita da kanta ta kira dillalin. Ta san garinsu: abin da dillali ya faɗa da safe, kafin masunta su dawo ya zaga kowane gida.

A zamanin da, 'ya'ya maza ake ba gonakin zaitun na kan tudu, mata kuwa a sallame su da duwatsun bakin teku. Haka kakarta Nona ta gaji ɗan gidan nan mai warin gishiri, inda suke zaune su biyu. Saboda shi Teta Perina ta raina Vinka, ta fi son Marijeta, 'yar mai otal. Yanzu baƙi masu yawon buɗe ido sun gano garin, duwatsu sun fi zaitun tsada.

"In an sayar sai ku koma birni," in ji Teta Perina. "Tsohuwar kuma... ai akwai gidan tsofaffi."

Vinka ba ta san yadda ta kai gida ba.

Ta tarar da Nona a bakin gado, ta ninke baƙar rigarta ta zuwa coci, tana sakawa a jaka.

"Nona, me kike yi?"

"Marijeta ta biyo, ta ba ni labari. Ni kuma nawa aka yi mini kuɗi, ko gyara ce ni?"

"Nona!"

"Ba faɗa nake ba, 'yar nan. Ki dai gaya mini ranar da wuri, in yi sallama da maƙwabta."

Vinka ta durƙusa, ta kifa fuska a cinyarta, hawaye na zuba.

"Ba sayarwa zan yi ba... So nake kawai su daina raina ni."

"Sun daina?"

Vinka ta share hawaye, ta miƙe ta fita.

Ta sami Duje a tashar jiragen ruwa yana ɗinke koma. Ta faɗa masa komai, idonta na kan igiyar jirgi.

"Ba zan fitar da Nona ba. Mamarka kuwa gidan ta amince wa, ba ni ba. Ka je ka auri Marijeta..."

Duje ya ajiye komar.

"Rabin raina, kunyata ta fi taki. Da na ji kuɗin nan, murna na yi. Na ce Mama za ta sauko. Ko sau ɗaya ban tuna da Nona ba, matar da ke ajiye mini ɓaure tun ina yaro."

Ya matso kusa da ita.

"Ba za a sayar ba," ya ce. "Ni zan tare a gidanku."

"Duje! Ka san yadda ake yi da namijin da ya tare a gidan matarsa. Ba za ka ƙara shan kofi cikin mutunci a garin nan ba!"

"Sai in sha na Nona."

"Mamarka fa?"

"Zan gaya mata yau. Tun tuni ya kamata in buɗe baki."

Teta Perina ta janye amincewarta. Ranar aure ta zo coci, ta zauna a kujerar baya, ba ta tsaya cin abinci ba.

Washegari da hantsi Duje ya ɗauko akwatinsa a kafaɗa, ya bi ta gaban jirage, masunta suka hau yi masa ihu.

"Jama'a, amarya za ta tare!"

"Duje, ina furanninka?"

"A gaida uwar gida, a wanke mata kwanuka da kyau!"

Kunnuwansa suka yi ja wur. Vinka ta fito da gudu, ta riƙe hannunsa, ita ma fuskarta na zafi. Haka suka taka har ƙofa, ba wanda ya ɗaga kai.

Nona na tsaye tana jiransu.

"Ɗaga kanka, ɗana. Marigayi mijina ma haka ya shigo, da akwati ɗaya, iyayen waɗannan suna yi masa ihu."

"Yaushe suka daina, Nona?"

"Ba su daina ba. Su ne dai suka ɗauki gawarsa suna kuka. Ku shigo, miyar kifi na hucewa."